Yadda Na Gai da Surukata a Yankari

Tun ranar da manyan gidanmu suka tsai da shawara cewa idan makarantu sun yi hutun ƙarshen shekara za a kwashi dangi kaf, da na cikin garin Kazaure, da na Roni, da na Gwiwa, har da gidan kawuna na Babura wanda 'yarsa nake aure, a kai su Yankari su ga giwa da idonsu, aka kuma ɗora mini amanar kuɗin tafiya bisa hujjar cewa ni ne malamin lissafi, zuciyata ta ba ni cewa in akwai wata jarrabawa a cikin wannan tafiya, to, a kaina za ta sauka. Ƙofar da za ta shigo ta ce kaɗai aka ɓoye mini.

Muka tashi bayan asuba a doguwar motar haya, muka bi ta Kano da Wudil da Birnin Kudu da Ningi, muka ci abinci a Bauchi, muka karkata a Dindima a kan hanyar Gombe, muka shiga ƙofar dajin a Mainamaji, sa'an nan muka ƙara tafiyar wajen kilomita 40 a cikin jeji tsantsa kafin mu isa sansanin Wikki da almuru. A hanya na karanta wa yara, da murya irin ta aji, cewa dajin yana ƙasar Alkaleri, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi domin namun daji a 1956, an buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, ya sake dawowa hannun Jihar Bauchi a 2006. Har direba yana jinjina kai. Sai dai takardar da na duba ba ta faɗi cewa a duk waɗannan sauye-sauyen hukuma babu wadda ta taɓa karɓar sansanin daga hannun masu shi na asali ba, watau gwaggon biri da zuriyarsa.

Masaukin ƙananan ɗakuna ne a warwatse a ƙarƙashin itatuwa, kowanne da makewayinsa a ciki, mugun dawa yana kiwo a tsakaninsu a kan gwiwoyinsa, ba ya ko ɗaga kai ya dubi mutum. Aka raba mu, samari nasu, 'yan mata nasu, ni da uwargida da ƙananan yara namu, aka kuma sa Hajiya surukata da yayarta Inna, wadda idonta ya yi rauni, a ɗakin da ƙofarsa ke kallon tamu, wai don in wata bukata ta taso da dare a kira ni. Ma'aikacin da ya ba mu mabuɗai, Allah Ya saka masa da alheri, ya yi mana nasiha a riƙa rufe ƙofa da taga, kada kuma a riƙe leda a hannu, domin biran nan sun san leda, sun san kular abinci, sun san yadda ake murɗa hannun ƙofa. Ni kuwa na ce masa, a gaban jama'a, mu da muka tashi a gindin duwatsun Kazaure muna korar jan biri daga gonar gyaɗa, ba a yi mana wa'azi a kan biri.

Da gari ya waye, hunturu na kaɗawa, uwargida ta kwashi yara suka gangara ruwan Wikki, wanda yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, digiri 31 rani da damina, dare da rana. Ta tafi da duk wani tawul da muka zo da shi, ta bar zane guda a rataye a ƙyauren makewayi. Wajibi ne in bayyana cewa matan gidanmu sun yi anko domin wannan tafiya, atamfa koriya shar mai manyan furanni ruwan ɗorawa, kuma a wannan safiya kowace mace, daga Hajiya har jaririyar da ke goye, ita ce a jikinta. Na cire wandona na ɗora a kujera, a aljihun dama kuɗin jama'a ƙunshe a leda, a na hagu mabuɗin ɗaki da dabino, na shiga wanka. Autanmu, wanda aka aiko ya ɗauki takalminsa, ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Ina cikin kumfa na ji ana jan kujera. Na yi gyaran murya, shiru, na ce, "Wane ne?", shiru, na leƙo, sai muka yi ido huɗu da wani ƙaton namiji mai gashi a kafaɗu da dogon baki, wanda in aka jera shi da jan birin gonar gyaɗa sai a ce wannan ubangida ne wancan bara. Ya dube ni cikin natsuwa, ya ɗauki wandon, ya fita ba tare da gaggawa ba. Da wandon ne kaɗai da na yafe masa duniya da lahira, amma kuɗin man komawa da na abincin mutum sama da talatin amana ce a wuyana, ita kuwa amana ba ta jiran a ɗauraye sabulu. Na fizgi zanen nan na ɗaura, kuma saboda sanyi, ba don wani nufi ba, hannuna ya kai shi har ƙirji. Na yi waje a guje. Iska ta turo ƙyauren a bayana, ya ce garam, ya kulle kansa.

To, a nan nake roƙon mai karatu ya dakata, domin ni ma a nan na dakata, kuma har yau da zarar na rufe ido a nan nake samun kaina. A damana, tazarar da ba ta fi taku goma ba, birin ya zauna a kan kututture yana laluben aljihu. A bayana ƙofa a kulle. A gabana kuwa, a kan tabarma, Hajiya ce da Inna da matan yayyena da na ƙannena suna shan hantsi, sun kewaye shayi da burodi, kowace sanye da irin zanen da ke jikina. Cokali ya tsaya a cikin kofi. Wata ta kai loma rabin hanya ta manta da ita. Ni kuma ga kumfa a kunne, ga gemu yana ɗiga, ga ƙafa ba takalmi.

Na yi karatun zaure gwargwado, na sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, na kai har Risala, na san haddin al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa, kuma ta wannan fuska babu mai kama ni da laifi, tun da na suturta abin da aka wajabta har da ƙari mai yawa. Amma ban taɓa cin karo da babin da ya yi bayanin abin da ya kamaci mutum idan ya wayi gari a gaban surukarsa da ɗaurin ƙirji ba. Fuskoki uku ne suka bayyana gare ni a cikin ƙiftawar ido: in koma, alhali babu wurin komawa, in bi biri, alhali gudu a cikin zane sana'a ce da ban koya ba, ko in yi abin da na saba yi duk lokacin da na gan ta tun ranar da aka ɗaura mini aure. Kafin hankali ya gama tarjihi, tarbiyya ta riga ta yanke hukunci. Gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu, na dafe bakin zane da hannu biyu, na durƙusa, na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, ina kwana?"

Allah Ya ƙara wa Hajiya daraja. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango, ta amsa da muryar da take amsawa kullum, ba ƙari ba ragi: "Lafiya lau, Malam. An tashi lafiya? Ina gajiyar hanya?" Na ce, "Ba gajiya." Ta ce, "Yaya sanyi?" Na ce, "Lokacinsa ne." Ta ce, "Yaya baƙunta?" Na ce, "Alhamdu lillahi." Ban taɓa sanin tsawon gaisuwar Bahaushe ba sai ran nan, domin ba ta tsallake ko ɗaya ba, ni kuma ba ni da ikon tashi kafin ta sallame ni, kafaɗunta dai na ga suna rawa a ƙarƙashin mayafi, na kyautata mata zato na ce sanyi ne. Na sake bitar wannan durƙuso a raina ta kowace fuska, kuma har yanzu ina kan ra'ayin cewa shi ne daidai. Abin da nake jayayya da shi kawai shi ne furannin. A daidai nan Inna ta kare rana da tafin hannu, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana dubana, sa'an nan ta ce da ƙarfi irin na wadda kunnenta ya yi nauyi, "Wai wace ce wannan, matar wa ce, ta fito gaban mutane ba ɗankwali?"

Ban kai ga amsawa ba sai ga wani dattijo daga ɗakin da ke maƙwabtaka da namu, baƙo ne irinmu, da farar jallabiya da hular sanyi, rediyo a hannu ɗaya, buta a ɗaya, yana tafe da haibar mutumin da ya yi shekaru yana ba da umarni a ofis kafin ya yi ritaya. Ya tsaya ya dubi biri, ya dube ni, ya rage muryar rediyo ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, na san halin dabbobin nan sarai. Gwaggon biri mata yake rainawa, namiji kuwa yana shakkarsa, kuma da wando yake gane namiji. Maza je ka sa wando, ka ga yadda zai arce."

Na ce, "Alhaji, ai wandon ne a hannunsa."

Ya ce, "To, sa wani mana."

Na ce, "Sauran suna ɗaki, ɗakin kuwa a kulle."

Ya ce, "Ina mabuɗin?"

Na ce, "Yana aljihun wandon."

Ya yi shiru, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce, "Ka gani ko? Shi ya sa ni a wuya nake rataya nawa." Ya zaro shi daga cikin jallabiya ya nuna mini, ya nuna wa mata, don kada a yi shakka.

Sa'an nan ya ajiye buta ya shiga jero sharuɗɗa: kada in dubi birin a ido, don zai ɗauka faɗa nake nema, kada kuma in kau da ido, don zai ɗauka tsoro nake ji, kada in yi murmushi, don bayyana haƙora a wurinsu tsokana ce, alhali ni a lokacin ko an biya ni ba ni da murmushin sayarwa, kada in gudu, kada in matsa kusa, kada kuma in tsaya wuri ɗaya. Duk wannan ina durƙushe, domin Hajiya ba ta sallame ni ba tukuna. Shi kuwa birin ya gano dabino, yana cusawa a kumatu ɗaya bayan ɗaya har suka kumbura, ya zaro ledar kuɗi ya shinshina, ya yi hamma, na ga fiƙoƙi masu tsawon ɗan yatsa. Hausawa sun faɗi abin da biri yake yi a hannun malami. Abin da malami yake yi a hannun biri ne suka bari sai na zo.

Can dattijo ya tafa hannu ya ce, "Yauwa! Na tuna, kuma wannan mujarrabi ne. Ba ka san labarin mai tallan huluna ba, wanda ya yi barci a gindin itace birai suka kwashe masa kaya? Da ya cire tasa ya jefar, ai duk sai suka jefo nasu. Biri kwaikwayo gare shi. Ka miƙe tsaye inda zai gan ka sosai, ka kwance zanen nan, ka yi jifa da shi ƙasa da ƙarfi. Ina tabbatar maka kafin ka ƙirga uku ya yar da wandon."

Wurin ya yi tsit, ba ka jin kome sai taunar biri. Na ɗaga kai na dubi dattijon ko zan ga alamar wasa a fuskarsa, ban ga kome ba sai ihlasi tsantsa da son taimakon ɗan'uwa Musulmi. Na ce, da iyakar ladabin da ya rage mini, "Alhaji, wannan ƙiyasi akwai bambanci a cikinsa: shi mai huluna abin da ke kansa ya cire, kuma ba a ruwaito cewa surukarsa tana wurin ba." Ya ce, "Ai larura ce, Malam, su sai su rufe ido." Ya juya wajen tabarma ya ɗaga murya, "Hajiya, don Allah ku ɗan runtse, bawan Allah zai gwada wata dabara." Inna ta ce, "Wace dabara kuma? Ku dai ku ba ta ɗankwali."

An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, kuma ina gab da fara haukan ke nan sai Hajiya, har yanzu fuskarta na bango, ta yi magana ƙasa-ƙasa da wata jikarta. Yarinyar ta sheƙa ta kira wani matashi daga cikin ma'aikatan wurin, ya zo da gwafar danƙo irin wadda yara ke harbin tsuntsu da ita. Bai ko sa dutse ba, ɗaga ta kawai ya yi ya ja danƙon, sai gogan naku ya saki wando da leda ya haye rufin ɗaki, kumatu cike da dabinona. Dattijo ya ɗauki butarsa ya ce, "Madalla. Abin da nake shirin faɗa ke nan." Ya ƙara muryar rediyo ya wuce.

Yarinyar ta durƙusa ta miƙo mini wandon da hannu biyu, ƙafa ɗaya a yage har gwiwa. Mabuɗi yana nan, kuɗin jama'a kuma ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Sai a sa'an nan Hajiya ta ce, "To, Malam, a huta gajiya," na miƙe na koma da baya da baya. Da yamma aka shiga mota aka zaga dajin ta gefen kogin Gaji, aka ce an ga gwanki da ɓauna, wasu ma sun ce sun hango giwa. Ni dai ƙasan mota na gani.

Yanzu haka ana shirin bikin ƙanwar uwargida a Babura, jiya kuma aka aiko yaro da ƙunshi daga wurin Inna, wadda har yau babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata gaskiya. Ankon biki ne, turmi guda da ɗankwalinsa, ta ce a ba baƙuwar nan ta Yankari.