Dawakai 197 a Cunkoson Adjamé

To, jama'ar teburin mai shayi na bakin Mairie, da 'yan majalisar bayan La'asar ta Treichville, ku matso kusa. Labari ya iso mini cewa kun yanke hukunci a bayan idona. Wai mutumin da bai taɓa wuce Kasea da Boxer ba, ko tayar da Suzuki Hayabusa ba zai iya ba, balle ya fita da shi titi. Wai hoton da kuka gani a waya jingina kawai na yi da babur ɗin mutane aka ɗauke ni. Baffa mai goro, wanda rabonsa da hawa wani abu mai ƙafa biyu tun keken Raleigh na zamanin Diori, shi ya fi kowa ɗaga murya. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Allah ya ƙara maka lafiya Baffa, amma na hau, na kuma sauko da ƙafafuna biyu.

Babur ɗin na wani ƙanena ne mai shagon waya a Black Market. Ba sabo ya saya ba, irin wanda mutanen Abijan ke kira France au revoir ne, amma mai tsabta, ƙirar da aka fara sa wa birkin Brembo da ABS daga 2013. Injinsa silinda huɗu ne a jere, cc 1340, inda Boxer ɗin ɗan acaɓa ke da 100. Kamfanin ya ce ƙarfin doki 197 ne a cikinsa, shi kuwa Boxer bai kai goma ba. Nauyinsa da mai a tanki kilo 266, wato Boxer biyu da ɗori. Kafin yaron nan ya miƙo mini makulli sai da ya danna wani maɓalli a hannun babur. Matakin ƙarfi uku ne da shi, A da B da C, kuma C ɗin shi ne wanda ake rage wa inji zafin rai saboda ruwan sama ko baƙon hannu. Ya sa mini C, ya ce, "Yaya, wannan na dattawa ne." Ban tanka ba. Yaron da kake jiran makulli a hannunsa ba ka yi masa faɗa.

Wanda ya ce bai san dalilin da ya sa ake zuzuta wannan babur ba, ga shi a taƙaice. A 1999 Suzuki ya fito da shi daga Japan, masu gwaji suka auna shi ya haura kilomita 300 a awa, ya ƙwace kambun gudu daga hannun Honda Blackbird. Abin ya tsorata hukumomin Turai har aka fara raɗe-raɗin za su hana shigo da irin waɗannan babura. Ba a yi shekara biyu ba manyan kamfanonin suka daidaita a tsakaninsu cewa kowa zai ɗaure nasa, kada ya wuce 299. Har yau a nan Hayabusa ya tsaya.

Yanzu ku ji yadda mai kambun gudu ya kasance a titin Nangui Abrogoua da hantsi.

Giyar farko ta wannan babur ita kaɗai tana haura 120. Ma'ana, daga bakin Mairie har ka wuce Forum ba ka da abin yi da sauran giya biyar ɗin. Ko ta farkon ma ba ka isa ka saki kuloci gaba ɗaya ba, sai dai ka riƙe shi rabi da rabi, kana lallaɓawa, yatsun hagu suna yi maka Allah ya isa. Motar gbaka a gabanka ta tsaya tsakiyar hanya ba sigina ba komai, yaron mota na lilo a ƙofa yana kiran Abobo. Tasin woro-woro ta kutso ta dama, tasi mai ruwan lemo ta matso ta hagu, masu talla sun cinye gefen titi sun fara cin tsakiya. Shi kuma babur an ƙera shi ne don mutum ya kwanta a kan tanki iska na wucewa ta bisa kansa, saboda haka duk nauyin jikinka a wuyan hannu yake, wuyanka a ɗage kana leƙen gaba. Kansa ba ya juyawa sosai, ramin da Apsonic zai lanƙwasa ya shige, kai sai ka tsaya ka ja baya da ƙafa, kilo 266 a tsakanin cinyoyinka. Sannan zafi. Injin da ke shan ruwa ta lagireto iska yake so, in babu iska sai fanka ta tashi, ita kuwa duk turirin da ta kwaso a ƙafafunka take juye shi. Na ji kamar an ɗora ni a kan kaskon mai garba ana jiran in soyu a haɗa ni da acake.

Wani yaro mai kai saƙon abinci a kan ƙaramin babur ya wuce ni, ya waiwayo, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ɓace. Wata baiwar Allah da tiren ayaba a ka ta wuce ni da ƙafa, na cim mata, ta sake wuce ni. Sauri ya haifi nawa. In dai gasar isa Liberté daga Mairie ce, na ba ku gaskiya tun yanzu, duk wanda ke da takalmi mai kyau zai riga Hayabusa.

Amma fa kallo! Yaran gbaka sun bar kiran fasinja suna ihu in murɗa musu. Masu canjin kuɗi sun miƙe. Wani ɗan sanda da na ɗauka takardu zai tambaya, zagaya babur ɗin kawai ya yi yana girgiza kai. Rabin kuɗin wannan abu, in kun tambaye ni, kuɗin idon mutane ne.

Sai da na hau babbar hanyar arewa, wadda ta nufi Yamusukro, na bar dajin Banco da Gesco a baya, sannan na gane abin da mutanen Japan suke nufi. A nan ne kuma, ƙanena ka yi haƙuri, na mayar da maɓallin nan kan A.

Ku da kuka saba da ƙananan babura, kun san yadda ake yi: ka murɗe totur har ƙarshe, inji na kururuwa, madubi na rawa, kai kana addu'a, gudun kuma yana zuwa da kaɗan-kaɗan. Nan ba haka ba ne. Ɗan motsa hannu za ka yi, ko rubu'in murɗi bai kai ba, sai ka ji an kama ka ta ƙugu an ja gaba, ba fizga, ba tsalle, ja ne mai nauyi wanda ba ya yankewa. Motar da ka hango can nesa, kafin ka gama shawarar ta wane gefe za ka wuce ta, ga ta a madubi. A giya ta shida kana tafiya 120, allurar inji tana wajen dubu huɗu, alhali jan layinta a dubu goma sha ɗaya yake. Wato a iyakar gudun da doka ta yarda da shi a hanyar, shi babur bai gama hamma ba. Nauyin nan da ya wahalar da ni a kasuwa shi ne ya zama alheri: tirela ta wuce da iskarta, ko gezau. Surar nan tasa mai kumburi da kuke cewa mummuna ce, don yanka iska aka yi ta, in ka sunkuya bayan gilashin sai ƙarar duniya ta ragu.

Abin da ya fi burge ni kuwa, wanda ba wanda ya tambaye ni a cikinku, birki ne. Faifai biyu ne a tayar gaba. Da yatsu biyu za ka taɓa, babur ya duƙa, gudu ya zube, taya ba ta ƙulle ba, baya bai yi wutsiya ba. Duk wanda ya taɓa taka birkin Boxer a kan yashi ya san darajar wannan magana.

Na san tambayar da ke cin ku. Malam Bazazzagi mai turare ma har saƙo ya aiko: "Ka kai 300 ɗin?" Malam, ban kai ba, ban nufa ba, kuma duk wanda ya zauna a majalisa ya ce muku ya kai a Abijan, ku ƙara masa shayi, yana da baiwar labari. Ku ɗauki alƙalami. Mai gudun 300 yana cin mita 83 a daƙiƙa ɗaya. Kafin idonsa ya ga abu, ƙwaƙwalwa ta aika wa hannu, ya riga ya shafe mafi yawan filin ƙwallo. Nisan da birki ke buƙata kuma ba ninki uku na mai gudun 100 ba ne, ninki tara ne. A hanyar da manyan motocin Mali da Burkina ke jan ciki, mutane na tsallaka shinge da kaya a ka, ga tumaki in Layya ta gabato? Ƙari a kan haka, tun 2021 kyamarori ke rubuta tara a birnin nan, saƙo ya same ka a waya, kuma tun Maris na 2023 lasisin tuƙi maki goma sha biyu ne, ana zaftarewa. Baturken nan Kenan Sofuoğlu da allurarsa ta nuna 400 a kan Kawasaki H2R a 2016, zakaran tsere ne na duniya, kuma a kan gadar Osman Gazi ya yi tun ba a buɗe ta ga jama'a ba, babu ko kaza a kai. Ku kuma kuna so in yi muku a gadar De Gaulle, tsakanin bas ɗin SOTRA da mai kurar ruwa. Zage-zagi ke nan, a zuga mutum a koma gefe ana tasbihi.

Da na kai babur Treichville da yamma, kowa ya fito da irin nasa. Alhaji Bakano bai dubi inji ba, bai dubi fenti ba, tambaya ɗaya ya yi: "Nawa yake kawowa a rana?" Alhaji, ba ya kawowa, kaiwa yake yi. Tankinsa lita 21 ne, cika shi ya haura jika goma sha biyar, tayar baya mai faɗin milimita 190 ba ta da tsawon rai, in kuma wani ƙarfe ya lalace sai an yi odarsa daga waje ana jira. Ya ce da kuɗin gara ya sayi ƙananan babura ya zuba wa yara. Na tuna masa Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013, ya ce ai Bouaké da Korhogo ba su hana ba. Bakano ba ya rasa kasuwa. Hajiya mai tuwo ta zagaya ta baya, ta ga ɗan tudun da aka rufe kujerar fasinja da shi, ta ce, "Yanzu duk girman nan ko buhun gawayi ba zai ɗauka ba? Ina amfanin baɗi ba rai." 'Yan uwana Adarawa masu garba su kam lissafi suka shiga yi, shanu nawa za a saya da shi a Tahoua. Bakanikenmu Bayarabe, mutumin Ejigbo, ya durƙusa ya leƙa, ya ga wayoyi da kwamfutar inji, ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce shi ba ya taɓa babur ɗin da ya fi shi ilimi. Wani Bagobiri a gefe ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, ko keke ya fi shi ilimi. Nan majalisa ta watse da dariya.

Hukuncina? Babur ne na gaske, ya ma fi yadda ake faɗa, amma an ƙera shi don hanyar da ba mu da ita, kuma a cikin mako guda na zirga-zirgar Adjamé zai tsufar da mutum. Ba zan saya ba ko da ina da kuɗin, kuma kun san ba ni da su. Abin da na yi wa ƙanena hassada a kai shi ne kayan jikinsa: hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, riga mai sulke a kafaɗa da gwiwar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Ya ƙi ba ni makulli sai da na sa su duka, ina zufa ina ƙunƙuni. Ku kuwa masu cewa Hayabusa makara ce mai taya biyu, na gan ku kuna tsula 80 a kan Haojue da silifa da hula zanna, mutum uku a kujera ɗaya.

Mai shi ya yarda zai kawo shi ƙofar babban masallacin Adjamé ranar Juma'a bayan an sauko. Ba za a kunna wa kowa ba. Abin da ake so kawai, mai gardama ya hau, ya ɗago shi daga jingina, ya tura shi taku goma, ya juyo da shi. Masu babbar riga su naɗe ta, sarƙa ba ta san shadda ba. Gajeru su zo da wanda zai tare ta hagu. Kuɗin fentin gefe ɗaya kuma, ya ce a taho da shi a aljihu tun daga gida.