Shari'ar Buhun Tsutsa

A duk jihar Damagaram ban san wanda ya yi wa tsutsa hidima kamata ba, ban kuma san wanda ta kunyata kamata ba. Ni malamin makaranta ne, mushe in ji mutanen garinmu, kimiyyar halittu nake koyarwa a birni. In an yi hutun damina sai in koma ƙauyenmu da ke kudu da Dungas, kan hanyar da fatake ke bi zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis. A shekarar da nake magana na iso cikin watan Agusta, gero ya fid da kai ya yi bununi, na tarar da Baffa a bakin gona riƙe da zangarniya yana ƙwafa. An zana mata wata hanya mai karkacewa daga gindi har sama kamar naɗin rawani, duk inda hanyar ta bi babu ƙwaya.

"Murzuna ce," in ji shi.

Na ce, "Baffa, ai sunanta Heliocheilus albipunctella."

Ya ce, "Allah ya raya. Tunda har ka san sunanta na yanka, faɗa mata ta bar mini gona."

Wannan baƙar maganar ce ta sa na buɗe makarantar tsutsa a zaure. Na tara gwangwanayen tumatir da na madara, na yi shela cewa duk yaron da ya kawo tsutsa tare da ganyen da ya same ta a kai yana da dala biyar. Kafin la'asar na janye shelar, don yaran garinmu sun fi ni sanin inda tsutsa take, aljihuna kuma na malamin makaranta ne.

Amma fa na samu kaya. Ga ta wake, Maruca, fara mai ɗigo-ɗigon baƙi, wadda ke fara shiga fure sannan ta huda kwanso ta toshe ƙofa da kashinta. Ga ta zogale, Noorda blitealis, 'yar siririya mai kankare ganye har ka hangi rana ta cikinsa, in ka taɓa reshe ta sauko a kan zare. Ga mai huda karan gero, wadda ke kwana rani sukutum cikin karan da muke danni da shi, wato mu ke ba ta masauki kyauta. Ga kuma baƙuwar da ta zo daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016, an ciro mini ita daga zuciyar masarar bayan gida: a goshinta akwai zane mai kama da gwafa a kife, a gindinta ɗigo huɗu jere biyu-biyu. Kowane gwangwani na manna masa takarda, suna a sama, abinci a ƙasa. Dukkansu 'ya'yan malam-buɗe-littafin dare ne, irin masu rububin fitila, kuma galibi uwar kowacce takan zuba ƙwai ne a kan shukar da 'ya'yanta za su ci. Na yi wa Kaka wannan bayani, ta ce, "Maigidana, kai da aka kai lakkol don ka zama likita, ashe kiwon abincin kaji ka koyo."

Sai ɗaurin aure ya kama ni zuwa Magariya. Na bar wa ƙanena amana, na nuna masa takardun ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya duba ya ga zuwa gona neman fure da zangarniya wahala ne, ga zogalen matata a tsakar gida, sai ya raba wa kowa zogale. Hujjarsa da na dawo ita ce baƙo ba ya zaɓen tuwo. Na iske 'yan zogale sun yi ɓul-ɓul, 'yan wake sun miƙe sun bushe kusa da ganye shar ba su ko lasa ba, bishiyar uwargida kuma saura tsinke. A gwangwanin baƙin Amurka, inda na bar tarin tsutsa, guda ɗaya tal na samu, ƙatuwa, tana hutawa. Na ɗora laifin a kan zakaran Kaka, na bi shi da takalmi har bayan rumbu. Baffa na zaune yana kallo bai ce uffan ba sai da na dawo ina haki, sannan ya tambaye ni ko na taɓa buɗe zuciyar masara na ga manya biyu a ciki. Cinye junansu suke yi. Littafi ma ya faɗi haka, a shafin da ban kai ba tukuna.

Ta gizaka ba zan ja ta ba. Yaro ya kawo ta a kan ganyen gyaɗa yana riƙe da nisa, na ɗauke ta da hannu don yara su ga ilimi ba ya tsoro, na jefa ta aljihun gaba kafin in samo gwangwani. Ranar Juma'a ce. Mutumin da ke gefena a sahu ya matsa ya bar mini wurin mutum biyu.

Murzuna kaɗai ta rage mini abin fita kunya. Ta ƙoshi da geron Baffa, ta sauka ta nutse cikin yashin da na zuba mata, na tara yara na yi musu alkawarin za su ga ta fito da fukafukai. Kullum da safe suna zuwa su leƙa. Da Baffa ya gaji da sallamarsu ya ce musu su dawo baɗi. Haka abin yake: sau ɗaya take haihuwa a shekara, tana shiga ƙasa ta yi kwanci, kaka da ɗari da bazara su wuce ta, sai kamar wata guda bayan ruwan shuka ta fito daidai lokacin da gero ke fid da kai. Tsofaffi na cewa da can ba ta da wannan ƙarfi, masu bincike ma sun rubuta cewa bayan farin 1972 zuwa 1974 ta zama annoba a Sahel. Yaran dai ba tarihi suka zo ji ba. Tun daga ranar suka sa mini Mushe Baɗi.

Ana cikin haka wani malamin gona ya biyo da 'yan ƙananan buhunan algarara, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba. Dabara ce da masu binciken noma na cibiyar INRAN a Maraɗi suka daɗe suna aiki a kanta tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso. A cikin buhu akwai gero da garinsa, da tsutsar da ke cin hatsin ajiya, da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macen tana harbin tsutsa ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta, 'ya'yan su tsotse ta, su girma su fice ta ramukan saƙar buhun, su bazu cikin gonaki suna yi wa murzuna irin wannan aiki. Da yake ni ne masanin gari, aka ba ni ɗaya in rataya.

Na zaɓi gawon da ke kan iyakar gonarmu da ta maƙwabcinmu, wanda shi da Baffa suka shekara suna jayayya a kan inda layin gamba ya kamata ya bi. Na bari sai da rana ta yi sanyi don kada zafi ya kashe ƙwarin. Na manta cewa gawo da damina ba ya da ganye, komai ka rataya a kai ana hangensa daga nesa. To ka auna: magariba, mutum a kan gawo da ɗan ƙunshi a hannu, yana sosa ƙirji yana maimaita "Habrobracon hebetor" don kada ya manta in an tambaye shi.

Da hantsi ɗan aike ya zo, wai Maigari na nemana. Na iske fada cike, buhuna a tsakiyar tabarma, babu wanda ya zauna kusa da shi. Maƙwabci ya ce da idonsa ya ga na ɗaura masa sammu, ya kuma ji ina kiran sunan aljanin. Liman ya yi bisimilla ya farke ɗinkin da aska. Gari ya zubo, ga fararen tsutsotsi kwance a sandare, wasu 'yan ƙwari suka tashi suka bi ta kan rawaninsa.

"Kun gani ko! Tsutsa ya turo mini!"

Na durƙusa na ce, "Allah ya ba ka nasara, kowace tsutsa da abincinta. Wannan ba ta taɓa geron da ke tsaye a gona, sai wanda aka riga aka adana."

Maƙwabci ya dafe kai. "Innalillahi! Ashe rumbuna ya nufa!"

Da ƙyar aka zaunar da shi. Na yi bayani tun daga ƙwai har fukafukai, Maigari na saurare yana kaɗa kai, can ya yi tambaya ɗaya: shin ƙwaron nan ya san iyakar gona? Na ce bai sani ba, yana tafiyar kilomitoci, duk gonar da ya iske murzuna aiki zai yi. Nan take fuskar maƙwabci ta saki. Baffa kuwa, wanda tun safe yake kare ni, ya miƙe ya ce in haka ne bai yarda ba, ɗansa ya hau gawo ya yage wando, wani ya ci amfani a banza, sai dai a raba kuɗin wandon biyu.

Maigari ya ce magana ta ƙare. Tunda abin na jama'a ne, kuma ya zama sanadin husuma, ba zai ƙara zama a gonar ɗayansu ba. Ya sa aka tattara garin da tsutsar aka mayar, aka ɗinke buhun, ya umarci dogarinsa ya kai shi wuri amintacce ya rataya, wato tsakiyar gonarsa ta gero. Ni kuma aka yanke mini goron Liman, saboda tsoratar da shi da aka yi.