Sarkin Dawa a Yankari

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ce ta yanke shawarar cewa bana ba walima, Yankari za mu je. Aka yi hayar bas, aka cika ta da mutane da kuloli, muka bar Bauchi da sassafe, muka bi titin Gombe har Dindima, sannan muka karya kwana. Watan Maris ne, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ke kora namun daji bakin kogin Gaji. Ni kuwa na riga na yi wa yara alkawarin hoton giwa. Autana ya ce shi na zaki yake so, na ce an gama.

A sansanin Wikki aka haɗa mu da jagora, wani dattijo mai kakin aikin daji. Ya ce faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, an buɗe wa jama'a a 1962, kuma a nan garken giwaye mafi girma da ya rage a Najeriya yake. Amma fa, in ji shi, ba wanda ya yi alkawari da su. Sharaɗinsa ɗaya ne, a yi shiru.

Shiru, a motar 'yan aji ɗaya da suka yi shekaru ba su haɗu ba! Wani Alhaji a kujerar baya ya miƙa wayarsa ta taga yana neman sabis. Hajiya ma'ajiya tana rabon dambun nama tana kiran sunayen waɗanda ba su biya kuɗin wata ba. Wani gwanki ya gilma, bindinsa kawai muka gani. Gadu ya fito da 'ya'yansa, wutsiyoyi a tsaye, ya dube mu ya koma.

Ni kaɗai ke da madubin hangen nesa, aro na yi wajen surukina, don haka nake jin nauyin tafiyar duk a wuyana yake. Can tsakanin itatuwa na hango wani abu jibgege, ya tsaya cak. Ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Giwa! Wallahi giwa!"

Direba ya taka birki, kular zoɓo ta kife a ƙafar Hajiya, kowa ya ruga ɓangaren hagu har motar ta karkata. Jagora ya leƙa, ya daɗe yana kallo don kada ya ba ni kunya da wuri, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, suri ne." Gara ce ta yi gininta. Nan take aka naɗa ni Sarkin Dawa, har da masu faɗuwa gaisuwa.

Gaba kaɗan muka tarar da rassa a kakkarye da tulin kashi a tsakiyar hanya. Jagora ya sauka, ya tona da sanda, ya ce ɗanye ne, ba su daɗe da wucewa ba. To, a nan na ga abin mamaki. Likita da lauya da malamin jami'a, kowa ya durƙusa yana ɗaukar hoton kashin giwa, ana cewa a matsa a ba ni haske. Ni ma na ɗauka, ta gaba da ta gefe, don alkawari kaya ne.

Da la'asar muka gangara maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan garau yake, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, har yashin ƙasa kana gani. Na ajiye leda a bakin ruwa, da kilishin tsaraba da hulata da madubin suruki a ciki, na tsunduma. Ina ɗago kai sai ga bika zaune, ya kwance ledar a tsanake kamar mai duba lefe. Ya ci kilishi, ya gatsa madubi ya jefar, ya riƙe hula. Na fito da gajeren wando ina "Kai! Kai!" Ya yaye leɓe ya nuna mini haƙora, na tuna ina da iyali. Wani ma'aikaci ya ce, "Malam, bar masa, 'yan'uwansa na bisa." Na ɗaga kai, gaskiya ya faɗa.

A hanyar fita gajiya ta ci ƙarfina, barci ya kwashe ni. Sai a ƙofar Mainamaji na farka na ji motar ta kaure da surutu, kowa na nuna wa na kusa da shi waya. Ashe giwaye ne suka tare hanya, manya da 'ya'ya, har direba ya kashe mota suka gama wucewa. Na ce, "Haba jama'a, ba mai tashina?" Hajiya, zaninta jawur da zoɓo, ta ce, "Ai Sarkin Dawa ya ga tasa tun da hantsi."

Idan za ka Yankari, ka je da rani, kada ka ajiye leda a inda bika zai gani, kuma komai gajiya kada ka rufe ido sai ka wuce Mainamaji.