Yadda Ake Yanke Wa Injin Disket Hukunci a Kwamfutar Haɗin Gida

Injin disket wata 'yar na'ura ce da ake cusawa a gaban akwatin kwamfuta, mai siririn baki da maɓalli ɗaya da 'yar fitila koriya. Aikinsa shi ne karanta disket, wato faifai mai rigar roba, da yin rubutu a kansa, yana yi yana gurnani. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da irin wannan faifai a 1971, lokacin faɗinsa inci takwas. A 1976 aka rage shi zuwa inci biyar da kwata, sannan Sony ya kawo na inci uku da rabi a farkon shekarun 1980. Na ƙarshen nan shi ne ya cika shagunan buga takardu na Kaduna, kuma a kan injinsa ake ta da jijiyar wuya har yau idan wani ya tattaro kayan haɗa kwamfuta a Sabon Tasha: a sa shi, ko a kyale shi ya huta?

Kafin a shiga gardamar, a fara auna cikin faifan. Disket ɗaya na gama-gari yana ɗaukar wajen megabait 1.44. Hoto guda da wayar zamani ta ɗauka ya fi ƙarfinsa, sai an haɗa biyu ko uku su yi masa taron dangi. Filash mai gigabait 32, wanda ke ɓacewa a aljihun wando, yana haɗiye abin da disket sama da 22,000 za su ɗauka. Wanda ya ƙudura kai hotunan bikin ƙanwarsa daga Sabon Tasha zuwa Narayi a kan disket, to ya fara ciniki da mai keke tukuna, kuma ya yi shata, don ba wurin fasinja. Amma rubutu zalla ba shi da nauyi. Takardar neman aiki, lissafin adashe, har da kundin kammala karatu idan ba hotuna a ciki, duk suna shiga su bar fili. Da wannan ya ci zamaninsa, kuma ya ci shi da halak.

Daga nan sai a juya babban allon kwamfutar, wanda masu gyara ke kira madabod, a nemi soket mai allurai 34 a jere biyu. Idan babu shi, magana ta ƙare, kowa ya koma bakin aikinsa. Apple ya fitar da iMac ba injin disket tun 1998, Dell ya daina sa shi a kwamfutocinsa na gida sai an nema a 2003, Sony kuma ya daina ƙera faifan a watan Maris na 2011. Sababbin alluna ba su da soket ɗin, yawancin sababbin akwatuna ma ba su da gurbin da za a cusa injin. Abin da ya raya tambayar a nan shi ne kasuwar tokumbo. Kaya da yawa da ake haɗa kwamfuta da su sun ga jiya, sun biyo ta Computer Village da ke Ikeja ko wata hanya makamanciyarta, kuma a cikinsu akwai tsofaffin alluna da soket ɗin ke zaune yana jiran baƙo. Mai shago kan miƙo injin a matsayin gyara, ya ce, "Oga, ƙara da wannan, kyauta ne." Kyauta ce kuwa, amma samun abu a banza ba ya nufin ana bukatarsa. Ko ba a sa shi ba, ya riga ya bar gado: haruffan A da B nasa ne da ɗan'uwansa, injin disket na biyu, shi ya sa har gobe rumbun kwamfuta a Windows yake farawa daga C.

Mataki mafi muhimmanci shi ne a tambayi mai kwamfutar sana'arsa. Ɗalibi mai shirin jarrabawar JAMB, da mai shagon POS, da yaron da ke son wasan ƙwallo a allo, ba abin da ya haɗa su da disket. A sa musu ƙarin ramukan USB a gaba, su yi ta sa albarka. Mutum uku ne ya kamata a ja wa kujera a saurare su.

Na farko tela ne mai injin aikin wuya, irin wanda ake ce wa aikin kwamfuta. Tsofaffin injunan Tajima da Barudan da yawa ta disket suke karɓar zane, kuma injin da ke ɗinki lafiya ba a jefar da shi don kawai bakinsa ya tsufa. Zanen wuyan kaftani ɗan fayil ne ƙarami, disket ɗaya yana ɗaukar da dama. Ga wannan bawan Allah, musamman idan Kirsimeti ko Sallah ta gabato ɗinki ya taru, injin disket kayan aiki ne daidai da almakashi. Na biyu shi ne mai kaɗa fiyano a coci, kuma Sabon Tasha ba ta da ƙarancin coci ko makaɗa. Fiyanon Yamaha irin su PSR-740 da PSR-2000 suna da bakin disket, a nan ake ajiye salon kiɗan da aka ɓata dare da dare ana gyarawa. Idan faifan ya ƙi buɗewa da safiyar Lahadi, ƙungiyar mawaƙa gaba ɗaya ce za ta juyo ta zuba wa mutum ɗaya ido. Na uku dattijo ne, watakila tsohon ma'aikacin matatar mai ko na masaƙun Kakuri, da ya zo da disket ɗaure da roba a cikin ambulan, ya ce, "Ɗana, takardun filina da tarihin gidanmu suna ciki." Wannan ba a yi masa dariya. A ba shi wuri ya zauna, a karɓi ambulan ɗin da hannu biyu.

Idan matasan shago suka fara tsokanar waɗannan mutane da cewa zamani ya bar su, akwai abin da za su kare kansu da shi. Rundunar sojin saman Amurka ba ta rabu da faifai mai inci takwas ba a na'urar aika umarnin makaman nukiliya sai 2019. Gwamnatin Japan sai da ministanta Taro Kono ya shelanta yaƙi da disket a 2022, kuma sai a 2024 ya sanar da cewa an soke dokoki sama da dubu da suka wajabta amfani da shi. Jiragen ƙasa na cikin birnin San Francisco sun kai 2024 suna tashi aiki da faifai mai inci biyar da kwata. Tela a kan hanyar Kachia yana cikin manyan mutane.

Ko ga waɗannan ukun ma, ba dole ba ne a huda akwati. Akwai injin disket na waje da ake jonawa ta USB, Windows 10 da 11 suna gane shi, ana gama aiki a cire a mayar cikin leda. Shi ne zaɓin da ya fi dacewa da kusan kowa. Tela da makaɗi kuma suna da mafita ta dindindin: na'urar Gotek, wadda ake cire tsohon injin a sa ta a gurbinsa, inji yana zaton disket yake ci alhali filash ake ba shi. Wanda ya rage da hujjar sa na ciki shi ne mai riƙe da tsohuwar kwamfuta da gangan, misali mai ɗora Windows XP, wanda kan nemi a danna F6 a ba shi manhajar gane rumbu ta disket, ko mai faifan da aka tsara da wani salo da injin USB ba ya karantawa.

In an yanke a sa, akwai ƙa'ida. Wayarsa faffaɗa ce, mai jan layi a gefe ɗaya. Jan layin nan yana bin allura ta ɗaya a allo da kuma a injin. Ɓangaren da aka murɗe wasu zaruruwa shi ke shiga injin, miƙaƙƙen ya tafi allo. Idan aka kunna aka ga fitila ta kama ta ƙi mutuwa, ba murna take ba, an juya wayar ne; a kashe nan take, kada a cusa faifai mai daraja a wannan hali. Wayar wuta ƙarama ce mai rami huɗu, ba a tura ta da ƙarfin tuwo. Sannan a shiga BIOS a shaida wa kwamfutar cewa ta yi baƙo, a kuma mayar da shi baya a jerin abubuwan da take tashi da su. In ba haka ba, ranar da aka manta faifai a ciki za ta ƙi tashi, mai ita ya ɗauko ta a ka zuwa wurin gyara saboda abin da danna maɓalli ɗaya zai warware. Akwai wani dalilin kuma: ta wannan ƙofa ƙwayoyin cutar kwamfuta na farko suka yaɗu, irin su Brain da ta fito daga Lahore a 1986.

Sai a shirya wa yanayin Kaduna. Hunturu yana tura ƙura ta bakin injin ta zauna a kan allurar karatu, ta karce faifai. Damina tana kawo fumfuna. Zanzaro kuwa bai taɓa ganin rami ya wuce ba, kuma bakin da aka bar shi wata shida ba a taɓa ba gida ne a wurinsa, ba haya. A riƙa rufe kwamfutar da kyalle, a goge allurar da auduga da ɗan sifirit a hankali. Faifan kansa maganaɗisu ke riƙe da rubutunsa, don haka kan sifika mai nasa maganaɗisun, inda makaɗa suka fi son ajiye shi, shi ne wuri mafi muni a duk cocin. Kada a cire shi fitila tana ci, kuma idan wuta tana rawa a dakata da rubutu a kansa har ta tsaya ko a tayar da janareta.

Ambulan ɗin dattijo yana da nasa tsari. Kafin a cusa kowane faifai, a zuge 'yar makullin da ke kusurwarsa har ramin ya buɗe, don kada a rubuta komai a kai bisa kuskure. A ja murfin ƙarfen a leƙa. Idan akwai tabon fumfuna a ware shi, kada ya ɓata injin ya shafa wa sauran. Idan kwamfuta ta nemi izinin tsara faifan daga farko, amsar ita ce a'a, ko sau nawa ta tambaya, domin yarda tana share komai. Wanda ya buɗe a kwafe shi a take, don tsohon faifai kan buɗe yau ya ƙi gobe, a ajiye kwafin a wuri biyu, a buga takardun fili da na gado a kan takarda. Wanda ya ƙi buɗewa a gwada shi a wani injin daban, saboda allurar wannan da ta wancan ba lallai su zauna daidai ba. Idan ya sake ƙi, a rubuta kwanan wata a jikinsa a mayar wa mai shi, ya adana a wuri busasshe nesa da rana har a sami mai na'urar da ke karanta faifai layi-layi.