Ɗan Gyara Ne Kawai, In Ji Kwastoma

A unguwanninmu yanzu da wuya ka bi layi guda ba ka samu gidan da wani saurayi ko budurwa ke cin abinci da kwamfuta ba. Wannan yana zana tambarin kamfani, waccan tana fassara daga Turanci zuwa Hausa, wancan yana yanka bidiyon biki, wani kuma shafukan Facebook na 'yan kasuwar Kwari yake kula da su. Ba shago, ba maigida, ba jiran albashin ƙarshen wata. In ka zauna a majalisarsu bayan isha'i, wajen mai shayi ko rumfar cajin waya, ba a daɗewa hira take gangarowa kan kwastoma. Kowa da nasa. Ni ma sana'ar nake yi, shi ya sa in an ɗauko zancen ba na iya kame bakina.

Kukan kusan iri ɗaya ne. An yi ciniki a kan tambari guda, ka zana, ka tura. Sai saƙon murya ya shigo: "Ƙanena, ya yi kyau wallahi, ɗan gyara ne kawai, a sauya kalar." Ka sauya. Washegari uwargida ta gani, ta ce ta farkon ta fi. Jibi abokinsa ya kawo shawarar a ƙara hoton raƙumi. Kafin mako ya zagayo an ce tunda hannunka na kai, ka haɗa da katin kasuwanci da allon ƙofar shago. Kuɗin kuwa na tambari guda ne, shi ma rabi aka ba ka, in ma an ba ka. Data taka ce, man janareto naka ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da kwana ɗaya a kan janareto yake ci.

To, me muke yi in haka ta faru? "Ba komai, Alhaji." "Ba damuwa, Hajiya, yanzu za a gyara." Baki yana faɗa, zuciya tana tafasa, sai dare ya yi mu zo majalisa mu sauke wa abokai abin da ya kamata mai aikin ya ji tun da safe. Akwai macuta na gaske, masu alat na bogi da masu karɓar aiki su toshe lambarka, ba na musu. Amma a ganina yawancin kwastomomin da muke kira masu wahala, mu muka mai da su haka. Ba a taɓa gaya wa mutum inda iyaka take ba, ta yaya zai san ya ƙetare ta? Shi a zatonsa yana hulɗa ne da yaro mai sauƙin kai, kai kuma kana can kana tara masa ƙiyayya.

An rene mu da kara da kunya, kuma tarbiyya ce da nake alfahari da ita. Muna jin nauyin ambaton kuɗi a gaban babba, muna ganin in ka ce a rubuta kamar ka ce ba ka yarda da mutum ba ne. Wani dattijon magini da ke zama da mu ya kan girgiza kai in ya ji irin wannan. "'Ya'yana," in ji shi, "mu ba ma ɗora bulo sai an yi jinga. Ɗaki nawa, taga nawa, da filasta ko babu, wa zai kawo ruwa, duk a gaban shaida. In mai gida ya ce a ƙara banɗaki, sai mu ajiye cebur a sake jinga. Kuma ba wanda ya taɓa cewa na yi masa rashin kunya." Gaskiyarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da shardanta cewa a ijara sai an san aikin kuma an san ladan. Rubuta yarjejeniya ba baƙon abu ba ne da intanet ta kawo mana.

Kuma ba sai an je wurin lauya ba. Saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa, in dai ya faɗi abin da za a yi dalla-dalla, da ranar bayarwa, da kuɗin, da yawan gyaran da ke cikin kuɗin, da abin da za a biya in an wuce shi. Sai mai aikin ya rubuto "na amince". In ta waya kuka yi magana, kana ajiyewa ka rubuta masa: "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta daga maganarmu, in akwai kuskure a gyara mini." Babba ba ya jin haushin wannan, sau da yawa ma daraja kake ƙarawa a idonsa. Sannan kafin alƙalami. Rabi kafin a fara, ciko kafin a miƙa asalin fayil. Abin da za ka tura a duba, ka buga masa hatiminka a kai ko ka rage masa girma. Wanda ya ƙi ba da ko kwata tun farko, ya riga ya nuna maka yadda ƙarshe zai kasance.

Akwai abu guda da 2023 ta koya mana da ƙarfin tsiya. Kafin a saki Naira a watan Yunin shekarar, farashin dala a hukumance bai kai Naira 500 ba; zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Wanda ya karɓi aikin wata shida a kan Naira, alhali manhajar da yake aiki da ita da gurbin ajiye shafin intanet da dala ake biyansu, ya gama aiki ya tarar shi ne ya ciyar da kwastoma. Tun daga nan masu lura suke sa wa farashinsu wa'adi, su ce wannan kuɗin na mako biyu ne, in ya wuce sai an sake zama.

Masu aiki da mutanen waje kuma nasu kukan daban ne. Fiverr, dandalin haɗa masu aiki da kwastomomi da aka kafa a Isra'ila a 2010, yana cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da ka samu, sannan ya riƙe kuɗin kwana 14 kafin yawancin masu aiki su iya cira. Upwork, wanda ya ɗauki wannan sunan a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk, shi ma yana da tasa la'adar. La'adar tana da ciwo. Shi ya sa in kwastoma ya ce, mu koma Telegram ko WhatsApp in biya ka kai tsaye, sai ran mutum ya biya. Nan ne mutanenmu da yawa suke faɗawa rami. Abin da la'adar take saya maka shi ne dillalin da kuɗin ke hannunsa. A Fiverr mai saye yana biya ne tun kafin ka fara, kuma in ka miƙa aiki ya yi shiru kwana 3, dandalin da kansa zai ɗauka an gama. A Upwork, in aikin jinga ne, ana kasa shi zango-zango, mai aikin ya zuba kuɗin kowane zango a ajiye amana. Ka miƙa, in kwana 14 suka wuce bai amsa ba a sakar maka. In na awa ne, manhajarsu tana ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka lokaci-lokaci, shi ne shaidarka ranar da aka yi musu. Wanda ya fara aiki kafin ya ga an zuba kuɗin zangon, ko ya yi awanni bai kunna manhajar ba, shi ya yar da garkuwarsa da hannunsa. Fita daga dandalin kuma saɓa ƙa'idarsu ne, ana iya rufe maka asusu. In Ba'amurke ya cinye maka dala 300 a waje, wace kotu za ka kai shi daga Gwale ko Tudun Wada?

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne tsoron taurarin da kwastoma ke auna aikinka da su a dandalin. Yaro ya sha wuya ya tara suna, sai wani ya yi masa barazanar tauraro ɗaya in bai ƙara masa aiki kyauta ba. Yawancinmu muna miƙa wuya. Ni dai ina ganin a nan ma rubutu ne mafita: kowace magana ta tsaya a cikin akwatin saƙon dandalin, inda ma'aikatansu za su iya karantawa, domin neman ƙarin aiki da barazana laifi ne a wurinsu. Kada kuma ka ba da amsa cikin fushi. Tsakaninmu da New York awa biyar ne ko shida, da Kalifoniya takwas ko tara, don haka saƙon da zai ɓata maka rai ya kan iso ne tsakar dare, kana gajiye. Bar shi ya kwana. Da safe ka rubuta gajeren abu: ga abin da muka yi yarjejeniya, ga abin da na miƙa, wannan sabon ƙarin ga kuɗinsa.

Mu ma sai mu tsare namu ɓangaren. Mun san halin wutarmu da sabis ɗinmu, amma don kar aiki ya kuɓuce sai mu yi alkawarin kwana biyu a kan aikin kwana biyar, sannan mu ɓuya. Kwastoma yana iya haƙuri da jinkirin da aka sanar da shi tun da wuri. Shirun ne yake mai da mutumin kirki abokin rigima. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya ga ba zai iya ba, ya mayar da abin da bai yi aikinsa ba, a rabu da sallama.

In rigimar ta cikin gida ce ta ƙi ƙarewa, al'adar da ta shigo mana yanzu ita ce a ɗauki hoton hira a watsa a Facebook. Wani sa'in kuɗin kan fito, amma ka ja wa kanka ƙarar ɓata suna, kuma masu kallo suna lissafin cewa gobe su ma haka za ka yi musu. Fara da wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko shugaban layinsu a kasuwa ko limamin unguwa. In ya gagara, akwai kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta buɗe a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, kuma ba dole sai da lauya ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da abin da ya fito daga kwamfuta ko waya in an cika sharuɗɗansa. Shi ya sa saƙon "na amince" yake da nauyi, shi ya sa kuma ake adana kwafin hira tun kafin wani ya goge nasa ɓangaren.

Inda har yau majalisarmu ba ta daidaita ba shi ne aikin dangi. Wasu sun ce ko kawunka ne sai ya ba da kafin alƙalami, wasu sun ce wannan zubar da zumunci ne. Wata 'yar'uwarmu mai fassara ta ce ita tun farko take raba gardama. In za ta iya kyauta sai ta ce, "Kawu, wannan kyauta ce daga gare ni, amma sai na gama na mutane, ranar Asabar." In ba za ta iya ba sai ta faɗi kuɗin, ta faɗi ragin da ta yi masa, ta tura masa a rubuce kamar kowa. Masu yanka bidiyo sun ce ita da sauƙi, takarda ɗaya ce ko biyu. Su da za a kawo wa bidiyon biki na awa huɗu fa, wa zai biya mai?