Ladubban Sauya Mota Ga Wanda Motarsa Ba Ta Yi Masa Laifi Ba

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya yi mana muwafaƙa da ni da kai, cewa mutumin da motarsa ta ƙone ƙurmus, ko ɓarayi suka yi awon gaba da ita, ko injinta ya yi bugun da ba a tashi, ba ya bukatar shawarar kowa a kan sauya mota, domin ƙaddara ta riga ta yanke masa hukunci, abin da ya rage masa sai haƙuri da tanadin kuɗin a-daidaita-sahu. Wanda yake bukatar jagora shi ne bawan Allahn da motarsa take tashi da murɗa makulli ɗaya, ba ta hayaƙi, ba ta taɓa kunyata shi a gaban surukai ba, amma tun ranar da maƙwabcinsa ya shigo layi da wata doguwa mai baƙin gilashi, yara suka bi ta a guje suna ihu, sai ya ji tasa ta fice masa daga rai. Wannan mutum yana cikin larura mai tsanani, domin ba zai iya duban iyalinsa ya ce gasa ce ta kama shi ba, saboda haka ya zama wajibi a kansa ya nemi uzurin da hankali zai karɓa.

Iyayenmu sun sami sauƙi a wannan fanni, domin hukuma da kanta ce take ba su hujja. A watan Afrilu na 1972 aka juya tuƙin Nijeriya daga hannun hagu zuwa na dama, aka wayi gari duk mai mota ya ga sitiyarinsa yana gefen da bai dace ba, wanda yake son canji kuwa bai sha wahalar bayani ba. Ba a jima ba kwamitin Udoji ya ƙara wa ma'aikata albashi har da ariyas, kuɗin suka shiga hannu a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma harhaɗa motoci, har malamin makaranta ya iya sa rai da sabuwa dal a leda. Sai dai Peugeot 504 ta zame wa masu ita jarrabawa ta wata fuska, domin ta ƙi mutuwa, kuma har yau za ka gamu da 'yan'uwanta a hanyoyin kasuwannin ƙauye, ɗauke da buhunan albasa da mutum goma, alhali masu su na farko sun daɗe a kushewa. Daga 1986, da aka karya darajar naira, sabuwar mota ta yi ban kwana da ɗan albashi, aka shiga zamanin 'yar Kwatano, wadda Bature ya gama morar ƙuruciyarta kafin ta hau jirgin ruwa. Kai da ka zo a wannan zamani, sai ka ƙera uzurinka da hannunka.

Farkon abin da za ka yi shi ne ka soma jin ƙara. Idan kun ɗauki hanya da uwargida, ka kashe rediyo, ka karkata kai wajen taga, ka ɗaure fuska, ka ce, “Kin ji?” Za ta ce, “Ban ji komai ba, Maigida.” Kada wannan ya karya maka gwiwa, ka girgiza kai ka ce ai ba kowane kunne yake jin irinta ba. Bayan ka maimaita haka na 'yan makonni, sai ka nufi gareji, domin ba a taɓa ruwaito cewa an kai wa bakanike mota ya duba ya ce lafiyarta ƙalau ba. Zai buɗe gaba, ya ja totur har unguwa ta amsa, ya kafa kunne, ya yi shiru na wani lokaci, sa'an nan ya ɗago ya ce, “Ranka ya daɗe, da wannan ka taho tun daga gida? Lalle Allah yana tsare bayinsa.” Daga nan zai lissafa maka shokazoba da fulogi da famfon mai, ya tura yaronsa kasuwar Ƙofar Ruwa, yaron ya dawo bayan la'asar da kayan da ba su shiga ba, a sake tura shi gobe. Zai cire abin da yake daidaita zafin inji ya jefar, ya ce na ƙasar sanyi ne, ya haɗa fanka kai tsaye, kuma idan ya gama ɗaurewa za ka ga notuna uku sun yi saura a ƙasa, ya tabbatar maka cewa Bature ne ya yi almubazzaranci. Falalar wannan mataki ita ce, kafin zuwa na uku ƙarar da ka ƙaga za ta tabbata har uwargida ta ji ta da kunnenta, ka ga ka fita daga zunubin ƙarya ba tare da ka yi kaffara ba.

Idan ƙara ba ta wadatar ba, uzurin mai yana nan, kuma malaman wannan fanni sun yi ittifaƙi a kan ingancinsa tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka shelanta janye tallafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Kyawun wannan hujja shi ne tana aiki ta kowace fuska: mai silinda shida ya ce zai koma ƙarama domin tattali, mai ƙarama kuma ya ce yanzu ne manya suka yi araha tunda kowa yana gudunsu, sakaci ne a bar wannan dama. Haihuwa ma uzuri ce, haka ƙarin girma a ofis, da dawowa daga Hajji, da naɗin sarauta ko da ta unguwa ce.

Sai kuma babin sayarwa, wanda yake bukatar natsuwa. Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin ciniki game da mutumin da yake ƙin tatsar akuyarsa kwana biyu ko uku kafin ranar kasuwa, domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce, suka ce wannan algus ne, kuma mai saye yana da ikon mayar da ita. Saboda haka ni ba zan umurce ka da ka zuba baƙin mai mai kauri domin ya danne hayaƙi ba, ko ka tayar da injin ya ɗumama tun kafin mai saye ya iso domin kada ya ga yadda take tari da asuba, ko ka sa wani abokinka ya biyo ta wurin kamar bisa tsautsayi ya taya da tsada alhali ko kuɗin taya ba shi da su, wanda shi ne najashin da aka hana. Na ambace su ne kawai domin ka san abin da za ka guje wa, kuma na lura mutane suna haddace wannan sashe fiye da sauran. Abin da ya halatta shi ne wanka da goge tayoyi da turaren wuta. Sauran aikin ka bar wa dillali, wanda zai karɓi la'ada a wurinka ya karɓa a wurin mai saye, ya kuma rantse wa kowannenku cewa saboda shi ya yi asara. Shi ne zai ce wata Hajiya ce take hawanta daga gida zuwa makarantar yara, ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba, kai kuwa da ka yi shekaru kana zabga ta a hanyar Abuja sai ka dubi ƙasa ka riƙa jan carbi. In an tambayi na'urar sanyi, amsar da aka gada kaka da kakanni ita ce gas kawai take bukata. In an tambayi dalilin sayarwa, ka yi ajiyar zuciya ka ce wata bukata ce ta taso. Tayin farko ka ce albarka ko da ya fi abin da ka sa rai. Kuma ka tuna cewa mazhabar Malikiyya ba ta yi aiki da zaɓin majalisa ba, da zarar ya ce ya saya ka ce ka sallama, ciniki ya ƙullu ko ba ku tashi daga benci ba. Zaɓin aibi ne kaɗai ya rage masa, shi ya sa ake so mai saye ya kasance daga gari mai nisa.

Wannan sharaɗi na nisa kada ka yi wasa da shi. In ka sayar wa ɗan unguwa ko suruki, ɗayan musibu biyu za ta same ka: ko ta lalace ya riƙa yi maka sallama bayan kowace sallar asuba, ko kuwa, wanda ya fi muni, ta ƙi lalacewa, uwargida ta riƙa ganinta tana wucewa sumul kowace safiya, tana tambayarka cikin ladabi ina ƙarar nan ta tafi.

Ranar da ka je saye, za ka ji duk kalmomin da dillalinka ya faɗa suna fitowa daga bakin wani dillalin, har da Hajiyar nan da makarantar yaranta, kuma abin mamaki za ka gaskata. Mustahabbi ne ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi jikinta da shi, duk inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe to cikon mai gyaran jiki ne aka shafe da fenti, domin da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sunsuna. Ka dubi agogon tafiya, ka tuna na Amurka da mil yake lissafi, mil ɗaya kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi, sa'an nan ka dubi robar birki, domin ana iya mayar da agogo baya amma ba a cika tunawa da robar da ƙafar Bature ta cinye ba. Ka sa a leƙa salansa a ga ko indomin, wato matatar hayaƙi, yana nan, saboda ƙarafa masu tsada da suke cikinsa sun sa yakan yi ɓatan dabo tsakanin tashar jirgin ruwa da filin dillalai. Ka nemi takardun kwastan, tunda an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, kada a raba ka da ita a shingen farko. Duk wannan za ka yi shi ne domin sauke nauyi, tunda zuciyarka ta riga ta saya tun lokacin da ka hango launinta daga titi.

Idan ka shigo da ita gida, ka shirya wa haƙƙoƙin da suke biyo baya. Abokai za su zo a wanke mota, wanda ba a yi da ruwa sai da tsire da lemo. Dangi na ƙauye za su sami labari kafin ka kashe injin, kuma za su gyara lissafin bukatunsu daidai da tsawonta. Mai faci zai ƙara maka kuɗin iska, mai tumatir ya daina yi maka gyara, ita kuwa za ta zama motar ɗaukar amaren unguwa da rana, motar kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare, kuma ba a ba da kuɗin mai a ɗayansu. Cikin mako na biyu ko na uku wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji za ta kama a gabanka ta ƙi mutuwa. Kada ka bari uwargida ta gani, kada kuma ka kai wa masu na'urar kwamfuta, domin za su gaya maka gaskiya. Ka koma wurin bakanikenka na da, zai ce ai duk irinsu haka suke, ya yanko baƙin salatif daidai faɗinta ya liƙe, kuma in ka yi masa magana mai daɗi ba zai karɓi kuɗin salatif ɗin ba.