Masu taimakon tada inji

Daga Nuwamba zuwa Maris, duk wanda ya yi sammako ya ratsa garake na Tadis a gefen Tahoua, ko na Tamaske da bakin tabkin Tabalak, ƙarar injin ban ruwa ce ke fara tarbarsa. Albasa ba ta karɓar uzuri. Ta yi kwanaki ba ruwa ganye ya langaɓe, mai bin bashin taki ya fara tambayar hanyar gida. Shi kuwa injin, Honda ne na asali ko ɗan China mai kama da shi, abu uku kawai yake nema: mai, iska, da wuta a bakin buji. Ranar da ya ƙi tashi kuwa, Allah kan jarrabe shi da mutane.

Sarkin Ja ne ke fara isowa. Ba ya tambayar komai. Zai tuɓe riga, ya taka injin da ƙafa, ya kama igiya kamar an sa shi gaban abokin karawa a filin kokowa. Ƙa'idar ita ce a ja a hankali har a ji igiyar ta yi tauri, sannan a fizga, kuma da injin ya yi tari a buɗe masa iska. Shi wannan duk ragwanci ne a wurinsa. Iska na toshe yake ta ja, mai na kwarara ciki har buji ya jiƙe sharkaf. In igiyar ta tsinke ya faɗi zaune cikin fangali, sai ya kakkaɓe wando ya ce, "Kawu, igiyag ga ta China ce."

Daga nan aiki ya koma hannun Mai Buji. A ganinsa babu wata cuta a duniya sai buji. In ka ce masa tiyo ya fashe, buji zai fara kwancewa. Yau dai ya dace, tunda Sarkin Ja ya riga ya jiƙa masa shi. Zai gasa shi a garwashin shayi, ya kankare da reza, ya auna tazarar bakinsa da farce, tazarar da masu ƙera injin suka ce milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Sai ya waiwaya ya nemi yaron da ya fi kowa ladabi: "Zo, ɗana, riƙe man wanga ka danna ga ƙarfe." A ja igiya, yaro ya yi tsalle ya ƙwalla ƙara. Mai Buji ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya ce akwai wuta.

Akwai wanda ba ya taɓa inji ko da ɗan yatsa, amma shi ya fi kowa daɗewa a wurin. Tambayarsa ɗaya: "Ina ka sawo man ga?" Ka ce wurin ƴan ruwa-ruwa, ya ce an gauraya. Ka ce a gidan mai, ya ce ai su ma. Zai shinshina tanki, ya zauna bakin rijiya ya buɗe darasi: yadda mai ke shigowa ta Ƙonni da araha kafin Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, yadda matatar SORAZ ta Damagaram ke aiki tun 2011, yadda aka rage lita daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, da dogon layin da aka sha a gidajen mai cikin Maris 2025. Duk gaskiya ne. Albasa dai ba ta sha ko ɗigo ba.

Wanda nake jin tsoro shi ne ɗan bida da ya dawo. Adar, wato yankin nan na Tahoua, ƙasar matafiya ce, kusan kowane gida da wanda ya je Abijan ko Libiya, kuma da yawansu sun koyo sana'a ta gaske. Ba su nake nufi ba. Ina nufin wanda ya yi gadi a ƙofar gareji, ya dawo da tabarau da kile guda a aljihu. "A Sabha ba haka muke yi ba," in ji shi, ya riga ya durƙusa. Kan yashi tsirara yake kwance karbireta, ya jera ƙananan kusoshi inda iskar hunturu ke wucewa, ya tsokale ramin mai da waya har ya faɗaɗa, ya busa da baki. In ya mayar, dole a samu ragowar kusa ɗaya, ya ce kamfani ne ya sa ta don ado. Babban aikinsa na ƙarshe ne. Yawancin injinan nan suna da wata ƴar na'ura da ke kashe wuta in baƙin mai ya yi ƙasa, ko in an ajiye inji a karkace, don kada ya ci kansa. Sau da yawa ita ce ta hana shi tashi tun farko, magani kuwa a ƙara baƙin mai a daidaita masa zama. Shi sai ya cire wayar na'urar. Inji ya tashi, jama'a ta yi kabbara, a ba shi na goro. Kafin a cire albasa a kai rudu, inji ya ƙame, shi kuma ya koma Libiya.

Tsoho ba ya rasa zuwa, da sandarsa, ya tuna wa kowa cewa da guga da ƙwarya aka yi ban ruwa a kwarin nan, ba a taɓa jin ƙwarya ta ƙi tashi ba. Kusa da shi akwai wanda ya mayar da injinsa mai aiki da tukunyar gas, yana wa'azi a tuba a bi shi. Mai sola ba ya ma magana, murmushi kawai yake yi, har ranar da ƙura ta rufe rana.

A cikin gari ma haka abin yake, sai dai can gurup ne, wato janareta. Lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, kowace fada ta fitar da masana. Ƙaramin Tiger ɗin nan ba shi da wurin baƙin mai daban, cikin mai ake haɗa masa, kashi 1 cikin 50, wato mililita 20 a kowace lita. Mai Ƙiyasi da kofin shayi yake awo, in ransa ya yi daɗi ya ƙara. Unguwa ta turnuƙe da hayaƙi, ya ce ko sauro ya ragu. Abokinsa Marowaci kuma ɗigo biyu yake sawa. A bayansu maƙwabci na tsaye shiru da wayoyi huɗu da caja, shi kaɗai ne ke addu'a da zuciya ɗaya.

A garka, da inji ya tashi kowa gwani ne. Sarkin Ja ya ce shi ya ɗumama shi, Mai Buji ya nuna yaron nan a matsayin shaida. Ana cikin rabon yabo babu wanda ya tuna a cika famfon da ruwa kafin tashi, yana ta juyawa a bushe, robar cikinsa na ƙonewa. Mai garka kuwa, wanda tun ranar da ya sayo injin bai taɓa canza baƙin mai ba, bai taɓa kakkaɓe soson iska ba, shi ne ke zagin China da ƙarfi.

Ɗan'uwa mai garka, in naka ya ƙi tashi, duba makunni, duba ko ka buɗe mai, auna baƙin mai, wanke soson iska, cika famfo da ruwa, duk kafin gari ya waye. In masu taimako sun riga ka isowa, ɗora masu shayi can gindin bishiya, ka sa kile a aljihunka.